Ba Na Shan Ɗaurayar Ƙwarya

Akwai wani abin sha da duk macen da ta tashi a gidan dillalin shanu a Zongon Paraku ta sani, ko da yake yau in ka tambaye su sai su yi kamar sun manta. Ni ban manta ba. Sunansa ɗauraya.

Ga yadda ake yin sa. Babana dillali ne, Fulanin da ke kawo shanu kasuwa a gidanmu suke sauka, kuma Bafulatani ba ya shiga gidan mai masaukinsa hannu wofi, sai da gorar nono. A juye a babbar ƙwarya, a kai zaure, Baba da baƙinsa su sha. Abin da ya rage a ba yayyena maza. In sun gama lashe ludayi, sai a miƙo ƙwaryar cikin gida, a zuba mata ruwan randa a kaɗa, ya yi fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa. Wannan shi ne rabon 'yan mata. A ganinsu ba mugunta ba ce, haka suka tarar. Wai nono yana sa jikin yarinya ya yi nauyi, ta ƙi aike. Mu kuwa har rige-rige muke yi.

Ina wajen shekara bakwai na karye. Ƙasar tana amsa sunan Dahome a lokacin, tutar Faransa ba ta daɗe da sauka ba. Ba daga bishiya na faɗo ba, ba kuma saniya ce ta shure ni ba. Daga rijiya nake dawowa da ɗan tulu a ka, santsi ya ɗebe ni, na zauna a kan ƙafata. Faɗuwar da ko tulun bai fashe ba. Amma ƙwaurina na hagu ya ce ƙas, kamar an karya karan dawa.

A wancan zamanin ba mai kai karaya asibiti in yana da yadda zai yi. Mutane sun ɗauka in ka shiga da ƙafa biyu, da ɗaya za ka fito. Saboda haka Baba ya sa ni a kamyon, babbar motar kaya, ina kuka a kan buhunan doya, muka nufi Jugu, garin mahaifiyarsa, inda akwai wani mai ɗori da sunansa ya kai har Paraku, Tsoho Alasan.

Da ya zo, bai fara da ni ba. Kaza ya ce a kawo. Ina kallo ya karya mata ƙafar hagu, ya shafa man kaɗe, ya ɗaure da 'yan tsinke. Sannan ya juyo kaina. Ba zan faɗi yadda ya ja ƙafar nan ba, har yau in na tuna sai haƙorana su haɗu. Ya jera tsagin gora, ya naɗe, ya tofa abin da zai tofa, ya nuna kazar.

"Wannan ita ce ke. Ranar da ta taka, kin taka."

Ya juya ga Baba. "Doka ɗaya ce. Ba fari. Ba nono, ba madara, ba ƙwai, ba wagashi. Fari shi ke kiran mugunya. In ta sha, na cire hannuna, ku kai ta asibiti wurin masu zarto."

Baba ya ce, "An ji, Tsoho."

Kaka tana tsaye a bakin ƙofa, ba ta ce an ji ba.

Bari in gaya muku wace ce Kaka. Gajeruwa ce, busasshiya, muryarta kamar ta namiji, tafin hannunta kamar bayan ƙwarya. Sana'arta wagashi, cukun nan na Fulani. Matan ruga suke kawo mata da hantsi, ita kuma kowace yamma ta sake dafa shi a ruwan karan dafi da gishiri, ya yi ja, don kada ya lalace kafin mota ta kai shi Gar, tashar jirgi ta Paraku, jirgin ƙasa ya wuce da shi Kwatano. Saboda haka wutar Kaka ba ta fashi. Da an idar da sallar magariba za ta ɗora katuwar tukunya a tsakar gida, yaran unguwa su fara sulalowa ɗaya-ɗaya, masu jin Hausa da masu jin Dendi, kowa da ɗan icensa a hannu, domin ba ka zama wurin tatsuniyar Kaka sai ka ƙara mata wuta. Da Hausa take bayar da labari, da Dendi take zagin mai surutu. Har yau in ƙamshin dafaffen wagashi ya haɗu da hayaƙi a hancina, sai in ji kamar ƙafata ce ke ɗaure.

Yammar da aka yi mini ɗori, aka shimfiɗa mini tabarma kusa da murhu, aka ajiye kazar a kwando gefena. Kaka ta kama tsintsiyar hannuna, ta zagaye ta da yatsu biyu, har da sauran wuri.

Ba ta kiran sunan Baba, ɗan fari ne. Mai Shanu take ce masa, kuma yadda take faɗa ba yabo ba ne.

"Mai Shanu, me kuke ba yarinyar nan a Paraku?"

"Abin da kowa ke ci, Inna."

"Ke, 'yar tsako, kina shan nono?"

Na ce, "Ina shan ɗauraya, Kaka." Da alfahari na faɗa, wallahi.

Ta saki hannuna a hankali. Ta ɗauki muciya ta juya tukunya, ta daɗe tana juyawa. Baba ya ja tabarmarsa can bakin zaure, ya ciro carbi, domin babban mutum ba ya sauraron tatsuniya. Amma gidan Kaka ƙarami ne, muryarta kuma ba ƙarama ba.

Tana da yadda take buɗe labari, irin na mutanen da suka tashi cikin dabbobi. Sai ta buga muciya a bakin tukunya ta ce, "Na kwance mata igiya!" Mu kuma mu ce, "Bar ta ta shigo!"

Ta ce an yi wani mai garke, yana da wata jar saniya da ta fi duk shanun ƙasar nono. Yana da 'ya'ya maza masu wuya kamar turmi, da 'ya mace guda, siririya. Yarinyar ce ke kai wa saniyar ruwa, ita ke cire mata kaska, ita ke kwashe kashinta. In an tatsa, uban ya sha, mazan su sha, ita a ɗauraye mata ƙwarya.

Wata rana yarinya ta kawo ruwa, saniya ta dubi ƙafafunta suna rawa a ƙarƙashin tulu, ta ce, "Ke, ina nonon da nake bayarwa yake zuwa?" Yarinya ta ce, "Ai ina shan ɗaurayarsa." Saniya ta ce, "To."

A nan Kaka ta tsaya ta dubi wajen zaure. "To kawai ta ce. Ku ji tsoron to ɗin saniya."

Washegari aka zo tatsa, hantsa cike, amma ko ɗigo. Aka sako ɗan maraƙi ya tsotsa don ta saki, ta ba ɗanta, da aka janye shi ta riƙe abinta. Aka shafa mata baya, aka yi mata kirari, aka kawo mata kanwa, ta lashe kanwar ta kau da kai. Aka kira mai magani ya yi turare, ta yi masa atishawa a fuska. 'Ya'ya maza suka fara ramewa, wuyan turmi ya koma wuyan ludayi. Mai garke ya zauna gabanta ya ce, "Jar saniya, me na yi miki?" Ta ce, "Ni da kai ba magana. Kira mai kawo mini ruwa, ba ta ƙwarya." Yarinya ta durƙusa, nono ya zubo har ƙwarya ta cika. Uban ya miƙa hannu, saniya ta ɗaga ƙafar baya. Ya janye hannunsa. Yarinya ta kafa kai ta sha har ta ga gindin ƙwarya.

Tun daga ranar ita ke fara sha. Ƙashinta ya yi ƙarfi, har wata rana kura ta tare ta a hanyar rafi ta cafki ƙwaurinta, haƙoran kura suka zube a ƙasa kamar tsabar masara. Yarinya ta tsince su ta kai wa saniya, ta ce ga tukuici.

Yara suka fashe da dariya, wani ya faɗi yana shure-shure. Kaka ta ce, "Na mayar da ita turkenta." Sannan ta miƙe ta shiga ɗaki, ta fito da ƙaramar ƙwarya cike da nono, fari tas, hasken wuta na rawa a kansa. Dariya ta ɗauke. Duk yaran sun ji dokar mai ɗori.

Baba ya taso da sauri, carbi na lilo. "Inna, don Allah! Kin ji abin da Tsoho ya ce."

"Na ji. Kunnena bai karye ba."

"In ya cire hannunsa fa? In ƙafar ta ruɓe fa?"

"In ta ruɓe ka kawo zarton, a fara da tawa."

Baba ya rage murya, ya nuna tukunya. "To in dole ne, ki ba ta jan wagashin nan, a ɗaki. Ba wanda zai ce fari ne, ba wanda zai gani."

Kaka ta sa hannu ta ciro guda daga cikin kwandon da ya huce, ta ɓare shi biyu a gaban hancinsa. Cikinsa fari. "Ni nake rina shi, ni za ka yi wa wayo da rini? Shekarun nan duka a fili kuka ba ta ruwan wanke-wanke, ba wanda ya ji kunya. Ranar da za ta sha na gaske ne za a shiga ɗaki a rufe ƙofa? Ban iya ba."

Ta durƙusa gabana. Muryarta ta sauka, ba ta yi laushi ba, ta dai sauka. "'Yar tsako, ƙafarki ce, ba tawa ba, ba ta ubanki ba. In kin ce a'a, na mayar."

Ku tuna shekarata bakwai. Na dubi kazar, tana kwance ta miƙe ƙafa. Na dubi Baba, na ga tsoro a idonsa, tsoro na gaske, domin yana sona, ban taɓa shakkar wannan ba. Na tuna masu zarto. Sai kuma ƙamshin nonon ya bugi hancina. Na kama ƙwaryar da hannu biyu.

Ashe nono yana da nauyi a baki. Ashe yana da kauri, yana da tsami mai daɗi, yana manne wa harshe. Abin da ya fara zuwa mini ba daɗi ba ne, haushi ne. Na ce a raina, ashe wannan suke sha.

Baba bai ci tuwo ba a ranar. Da safe ya koma Paraku saboda kasuwar shanu, ya bar ni da kazata da uwarsa.

Ranar da Tsoho Alasan ya dawo duba ɗori, na zaci Kaka za ta ɓoye ƙwaryar. Ina! A kan tabarmata ta ajiye ta, da sauran nono a ciki da ludayi. Ya shigo da sallama, ya gani, ya tsaya cak.

"Iya, mene ne wannan?"

"Idonka ya fara mutuwa ne, Alasan? Nono ne."

"Na cire hannuna." Ya juya zai fita. Na fara kuka.

Kaka ba ta tashi daga kujerarta ba. "Tsaya in tambaye ka. Jaririn gidan liman da aka haifa da karyayyen kafaɗa, wa ya ɗora shi?"

"Ni."

"Ka hana shi maman uwarsa?"

"Wannan daban."

"Launinsa ne daban? Baƙi ne nonon matar liman?"

Tsoho ya tsaya a bakin ƙofa, baya gare mu, yana sosa gemu. Ya ce, "Haka na gada a wurin ubana."

"Ubanka mutumin kirki ne, hannunsa ka gada, kuma duk ƙasar nan ba mai irinsa. Shi ya sa aka ɗauko yarinya tun daga Paraku. Kai ka ɗaure ta waje, ni in ɗaure ta ciki. Dubi kukan da take yi, kai ma kana da jikoki."

Ya dawo yana gunaguni da yarensu. Ya kwance, ya matsa, ya shinshina, ya sake ɗaurewa. Da zai fita ya ce, "In mugunya ta fito, kada a kira sunana."

"Nawa za a kira. Ungo wagashi ka kai wa iyali."

Ya karɓa kuwa.

Kada ku ɗauka Kaka ba ta ji tsoro ba. Kowace asuba in na buɗe ido, sai in same ta durƙushe, hancinta a kan ɗorin, tana shinshinawa. In ta ga na farka sai ta ce tana neman allurarta ne. Ta kan duba kazar ma, ita da ta ce kaza ba ta san komai ba sai tsaba. Da yamma kuma ta hura wuta, ta kwance wa wata tatsuniyar igiya, in an gama ta miƙo mini ƙwarya a gaban kowa. Ƙafar ta yi ƙaiƙayi, ta yi zafi, ta kumbura ta saɓe. Mugunya ba ta zo ba. Wata safiya kazar ta tsallake kwando ta bi fara da ɗingishi. Ba a daɗe ba ni ma na dafa bango na miƙe.

Da na koma Paraku, da kazata a hammata, ranar farko da aka miƙo mini ɗauraya na karɓa, na fita tsakar gida, na juye wa kazar a kasko. Na sha mintsini a wurin Innata, na sha sunan marar kunya. Washegari ma na juye. Baba bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ba irin mutanen da ke faɗin haka ba ne. Amma daga baya ƙwaryar ta fara dawowa daga zaure da nono a gindinta, kuma ya kan ce da ƙarfi, kamar da bango yake magana, "A kai wa matan cikin gida, kada a zuba ruwa."

Ban shiga lakwal, wato makarantar boko, ina yarinya ba. Sai da na yaye 'ya'yana, furfura ta fara leƙowa, na zauna a benci a ajin manya a unguwar Banikanni, ana yi mini dariya a unguwa, ina riƙe alli kamar muciya. Da na iya haɗa baƙi, ba abin da ban karanta ba, har takardun da ake mannawa a bangon asibiti. Kuma ni ba na barin tambaya ta kwana a cikina. Na tare wata likita na ce ta gaya mini tsakani da Allah, nono yana hana karaya? Ta ce abin da ƙashi ke buƙata yana cikin nono, kuma yaro mai tasowa yana amfana da shi ƙwarai. Amma yana cikin ƙananan kifi da ganyayen miya ma, kuma ƙashi yana son rana da motsi. Ta ce nono ba ya kawo mugunya, amma ba laya ba ne, akwai masu shan sa duk rayuwarsu su tsufa su karye. Na ce na gode, ba ta ɓoye mini komai ba.

Saboda haka ba zan yi muku ƙarya ba. Ban san ko nonon Kaka ne ya haɗa ƙashina ba. Hannun Tsoho Alasan mai kyau ne, ƙashin yaro kuma yana son haɗuwa. Kazar ma ta warke, ko ɗigo ba ta sha ba. Ban san ko ɗauraya ce ta sa na karye ba, wataƙila ko na sha gora guda kullum santsin nan zai karya ni. Haƙoran kura kuwa tatsuniya ce, na sani tun a lokacin.

Kaka da kanta, wadda ba ta taɓa wuni ba ta sha nono ba, ta zame a bakin rijiya da tsufanta ta karye a ƙugu. Na hau mota zuwa Jugu, na same ta kwance a kan tabarma kusa da murhun da ya mutu, ta ƙanƙance kamar yarinya. Tsoho Alasan ya riga ya rasu, ɗansa ne ya ɗora ta, ga kaza a kwando gefenta. Tsakanin jika da kaka akwai wasa, kuma da ban yi wasan ba kuka zan yi.

Na ce, "Kaka, ina nonon? Ke da kura za ta ciza ta zubar da haƙora?"

Ta buɗe ido ɗaya. "Ji marar kunya. Ni na ce miki ba za ki karye ba? Kowa na karyewa. Cewa na yi ba za ki sha ɗauraya ba."

Shekara da shekaru ina ɗauke da tatsuniyar nan, na zaci labarin ƙashi ne. Ashe tambayar saniya ce labarin: ina abin da nake bayarwa yake zuwa, kuma me ya sa mai ɗaukar tulu ce ke shan ruwan wanke-wanke? Wannan tambayar na yi wa mijina, na yi wa surukaina, na yi wa waɗanda suka ce me tsohuwa za ta yi da karatu. A gidana 'yan mata ke fara kafa kai a ƙwarya, wanda bai ji daɗi ba ƙofa a buɗe take.

Muna cikin haka ɗan mai ɗori ya shigo duba ta. Ya gaishe ni, ya duba ɗaurin, ya ce wa Kaka, "Hajiya, kin dai san dokar. Ba fari."

Kaka ba ta da ƙarfin gardama a ranar, ta dube ni kawai. Ba ta sake takawa ba, kuma ina jin dukanmu mun san haka tun a lokacin. Na tashi a kan ƙafata ta hagu, wadda har yau ita nake fara sa wa a ƙasa, na shiga ɗaki na cika ƙwarya. Na fito da ita tsakar gida, a gabansa, na tallafi kan Kaka, na ce masa, "Matsa, ɗana, kana tare mata haske."